Bindigar Fenti: Zaɓenta da Riƙonta

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗaure doki ya san cewa ranar da aka biya kuɗin doki, ranar ce aka fara kashe masa kuɗi. Ga harawa da dusa da kanwa, ga sharar muri, ga wanka da kilisa, ga kuma yaron da zai riƙa kwana kusa da turke. Saboda haka ne dattawa ba su cika tambayar mutum nawa ya sayi dokinsa ba. Sukan dubi ƙugun dokin da kofatonsa, nan take su gane ko mai shi ya isa riƙonsa. Wannan ma'auni na dattawa nake so in ara, in auna wani baƙon abu da ya shigo manyan biranen ƙasar nan, watau bindigar wasan harbi da fenti. A tsakanin gama sakandare da samun shiga jami'a na yi watanni ina aikin wanke irin waɗannan bindigogi da gyaransu a wani filin wasa da ke bayan garin Abuja. Abin da na fito da shi daga wannan aiki shi ne, bindigar da ta dace da mutum ita ce wadda zai iya kwancewa ya mayar da hannunsa, ya kuma sami iskarta da kayan gyaranta a garin da yake zaune.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, bayaninsa ba shi da wuya. Akan raba 'yan wasa gida biyu, a sake su cikin fili mai shingaye da maɓoya, kowa da garkuwar fuska da bindigarsa. Bindigar ba ta aiki da albarushi. Iska ce da aka matsa cikin wata 'yar tukunya take tunkuɗo harsashin. Shi kuwa harsashin ɗan ƙwallo ne kamar ɗan magarya, faɗinsa wajen milimita 17, nauyinsa kimanin giram 3. Ɓawonsa irin na kafson magani ne, cikinsa kuma ruwa ne mai launi wanda yake fita da wanki. Wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa ya bar masa tabo, an kashe shi ke nan, sai ya ɗaga hannu ya fita daga fili. Wanda ya yi langa yana yaro ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba: ɓangare biyu ne, ana tsaro ana kai hari, wanda aka kayar ya koma gefe.

Asali da suna

Masu wasan a ƙasashen Turawa ba su cika kiran wannan abu bindiga ba. Sunan da suke ba shi yana nufin "mai sa shaida", kuma sunan yana da tarihi. Wani kamfanin fenti mai suna Nelson, a jihar Mishigan ta Amurka, shi ne ya fara sayar da ita ga ma'aikatan gandun daji, don su sa alama a jikin itatuwan da za a sare ko da suna tsallaken rafi, da kuma makiyaya masu son sa wa shanu shaida daga nesa. Samfurin da ya yi suna shi ne Nel-Spot 007. A watan Yuni na 1981 wasu abokai, cikinsu har da marubuci Charles Gaines da ɗan kasuwar hannun jari Hayes Noel da Bob Gurnsey, suka shirya wasa na farko a wani daji a jihar New Hampshire. Gardama ce ta kai su, ta cewa tsakanin ɗan birni mai wayo da mutumin karkara wa zai fi iya tsira da kansa a dawa. Mutum 12 suka shiga. Wanda ya ci, wani ma'aikacin gandun daji mai suna Ritchie White, bai harba ko ƙwallo ɗaya ba. Sanɗa da sanin daji suka ba shi nasara. Ya kamata mai shirin zuba dukiya a kan bindiga ya riƙe wannan labari.

Da na zo neman sunan da zan ba ta da Hausa, na tsaya a kan "bindigar fenti". Bahaushe yakan kira abu da siffarsa da aikinsa, kamar yadda ya ce bindigar toka da bindigar ruwa. Har ila yau ina ganin barin kalmar bindiga a cikin sunan yana da amfani. Turawa sun kauce mata don kada iyaye da hukuma su tsorata. Mu kuwa gara ta zauna, domin ta riƙa tuna wa mai riƙe da ita cewa abin da ke hannunsa yana iya raunata mutum. Sauran sassanta ma ba su gagari harshenmu ba. Akwai kunama, akwai bututu, akwai sakata, watau ƙarfen da ke tura ƙwallo cikin bututu, akwai ƙoƙo da ake zuba ƙwallaye a sama, akwai tukunyar iska, sa'an nan akwai zobban roba masu hana iska zurarewa.

Zaɓe

Bindigogin fenti iri uku ne. Na farko su ne masu ɗanawa da hannu, waɗanda sai an ja an mayar kafin kowane harbi, kamar dai ta asali. Na biyu su ne masu aiki da sifirin da ƙarfin iska, duk jan kunama ƙwallo ɗaya, ba ruwansu da batir. Na uku su ne masu aiki da lantarki, masu batir da ɗan allon kwamfuta a cikin mariƙi, waɗanda kan iya fitar da ƙwallo sama da goma a daƙiƙa ɗaya. Na ukun nan su ne na 'yan gasa, su ne kuma suka fi ɗaukar idon samari.

A ɗakin ajiyar filinmu akwai wata irin wannan, kyakkyawa ƙwarai, wadda wani saurayi ya sayo daga ƙasar waje. Sau biyu ya yi wasa da ita, sai ta fara huci ta cikin mariƙi. Maigidana, wani dattijo wanda ya yi shekaru yana gyaran keken ɗinki kafin ya shigo wannan sana'a, ya kwance ta ya gano ciwon: wani ɗan bawul ne mai aiki da lantarki ya lalace, kuma babu irinsa ko'ina a kusa. Har na bar wurin tana rataye a ƙusa, mai ita yana karɓar ta haya kamar kowa. Su kuwa na hayar, yawancinsu ƙirar Tippmann 98 ne, wadda wani kamfani na birnin Fort Wayne a Amurka ya fito da ita a 1998. Ba ta da kyan gani, tana da nauyi, tana da ƙara. Amma gangar jikinta ɓari biyu ce kamar an raba ƙwarya, da alanki kaɗai ake buɗe ta, kayan cikinta kuma ba su da yawa. Mun ga wadda ta faɗa taɓo, mun ga wadda aka taka, da yamma mun wanke su, kashegari sun koma fili. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Akwai kuma sababbin ƙira marasa batir, irin su Emek ta kamfanin Planet Eclipse na birnin Mancesta a Ingila, waɗanda sun fi sauƙin nauyi da laushin harbi. Ko wace ce mutum ya yi sha'awa, tambayar farko ita ce, in ta lalace wa zai gyara, da me kuma?

Tambaya ta biyu ta iska ce, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu ta fi ta farko nauyi. Iska iri biyu ake amfani da ita. Akwai iskar kabon, irin wadda ke cikin lemon kwalba da wasu tukwanen kashe gobara. Tana da araha, amma a cikin tukunya ruwa-ruwa take zama, ƙarfinta kuma yana bin yanayi. A ma'aunin da mai faci yake auna taya da shi, inda tayar mota ba ta cika wuce 35 ba, tukunyar kabon tana wajen 850 in zafi yana digiri 21. Da zarar zafi ya haura digiri 31, ruwan nan ba ya iya zama ruwa kuma, sai ƙarfin ya yi ta hawa. To, a Abuja cikin watan Maris, balle Kano ko Sakkwato cikin Afrilu, wace rana ce ba ta haura 31 ba? Bindigar da aka daidaita da safe, kafin azahar ta ƙara zafin harbi ba da sanin mai ita ba. Tukunyar da aka bari cikin mota a rana kuwa, ɗan faifan tsaron da ke wuyanta yakan fashe ya fitar da iskar duka, da ƙarar da za ta firgita unguwa.

Ɗaya iskar ita ce wannan da muke shaƙa, wadda aka matsa har ta kai 3000 a tukunyar alminiyam, ko 4500 a tukunyar da aka naɗe da zaren kabon. A wuyan tukunyar akwai madaidaici mai rage ƙarfin kafin ya shiga bindiga, don haka harbinta bai cika canzawa da zafi ba. Ita ce ta fi, kuma yawancin bindigogin lantarki ba su karɓar wata sai ita. Sai dai injin mai faci ba ya ko kusa da wannan ƙarfi. Dole sai inji na musamman, wanda ba kowane gari ake samunsa ba. Saboda haka kafin mutum ya sayi bindiga, ya fara zuwa filin da zai riƙa wasa ya tambayi irin iskar da suke ɗurawa. Iskar da ke akwai ita za ta zaɓa masa tukunya, tukunya kuma ta zaɓa masa bindiga.

Tambaya ta uku ta kama ce, kuma ita ce ta shafi rai. Akwai bindigogin fenti da aka ƙera su sak da na soja, baƙaƙe, masu gidan harsashi a ƙasa, har da maratayi. A ƙasar da take fama da 'yan fashin daji da masu garkuwa da mutane, inda hanyoyi suke cike da shingayen bincike, ɗaukar irin wannan wasa ne da rai. Jami'in da ya hango ta a bayan mota da magariba ba shi da lokacin tambayar ko fenti take harbawa, haka ma maƙwabcin da ya hango ta ta kan katanga. Shawarata ita ce a zaɓi mai launi, ja ko shuɗiya ko ruwan ɗorawa, mai ƙoƙo a sama, wadda ko daga nesa ta yi kama da kayan wasa. In za a fita da ita a cire bututu da tukunya, a sa cikin jaka tare da rasit. Wanda zai shigo da ita daga waje kuwa ya fara neman bayani wurin hukuma tun kafin ya biya kuɗi. Mafi sauƙi ma shi ne a bar ta a ajiye a filin wasa.

Ga mai sayen ta hannu, kada ya yarda da kallo kawai. Ya sa a ɗaura tukunya, ya kanga kunne ya ji ko tana huci, ya harba ƙwallaye masu yawa a jere. Ya duba kawunan sukurori, domin in sun siɗe, alama ce ta cewa hannun da bai iya ba ya sha shiga. Ya kuma karanta kwanan watan da ke jikin tukunya. Yawancin tukwanen nan ana son a gwada ƙarfinsu da ruwa duk bayan shekara biyar, masu zaren kabon kuma galibinsu shekara 15 ne iyakar rayuwarsu. Tukunyar da ta wuce wa'adi, ko mai tsaga, ko mai lotsawa, ko kyauta aka ba mutum ta yi tsada.

Riƙo

Maigidana yakan ce da ni, "Yaro, bindigar nan ba ta mutuwa a fili, a jaka take mutuwa." Nufinsa shi ne, yawancin lalacewa tana zuwa ne daga fentin da aka bari ya kwana. Ruwan ƙwallo in ya bushe yakan zama danƙo, ya riƙe sakata, ya tara ƙura. Tsarin aikinmu kullum ɗaya ne, ba ma tsallake ko ɗaya. Da farko a cire tukunya. Na biyu a cire ƙoƙo a zazzage ƙwallaye. Na uku a juya baki wajen da babu kowa a ja kunama sau biyu ko uku, domin wasu bindigogin sukan riƙe sauran iska da ta isa harbi ɗaya ko bayan an cire tukunya. Sai bayan wannan hannu zai taɓa alanki. A kwance bututu a zura masa magogi, a wanke da ruwan ɗumi, a bar shi ya bushe sarai. A fito da sakata a goge da tsumma mai laushi, a duba zobban roba ɗaya bayan ɗaya, a shafa mai kaɗan, a mayar.

Zobban nan su ne rayuwar bindiga. Abu ne da bai kai zoben yatsa ba, kuɗinsa kuma ba ya taka kara ya karya, amma in ɗaya ya tsage, bindigar da aka saya da kuɗin babur ta zama sanda. Wanda ya fi saurin lalacewa shi ne na bakin tukunya, saboda yawan ɗaurawa da kwancewa. Mai hankali yakan sayi ƙunshin zobba tun ranar da ya sayi bindiga, ya ajiye su cikin gwangwani a inuwa. Wajen cire tsohon zobe kuwa, tsinken sakace ya fi allura, domin allura takan karce ƙarfen, karcen kuma ya zama hanyar iska har abada.

Maganar mai tana bukatar natsuwa. Masu sifirin irin Tippmann ɗigon mai suke so, ƙira irin ta Emek kuma giris na musamman take so, kowace da abin da maƙeranta suka rubuta. Baƙin mai da man keken ɗinki da man feshin nan na kwance tsatsa, duk ba nata ba ne, domin man da aka samo daga fetur yakan kumbura wasu zobban ko ya cinye su. Akwai kuma wuri ɗaya da mai bai halatta ya kusanta ba ko kaɗan, watau ƙofar da ake ɗura wa tukunya iska da madaidaicinta. Iska in aka matsa ta da sauri takan yi zafi, mai kuma in ya gamu da wannan zafi yakan kama da wuta, kamar yadda injin dizal yake tashi ba tare da fulogi ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mai son taimako da ya ga ƙofa tana huci ya ɗiga mata mai, yana iya jawo abin da ba a gyarawa.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci a kan ƙwallaye. Ɓawonsu na jelatin ne, watau wani danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, saniya ko alade, don haka wanda abin ya dama sai ya tambayi kamfanin da ya yi su. Jelatin yana shan laima. Da damina ƙwallo yakan kumbura ya yi taushi, ya maƙale a bututu ko ya doki mutum ya ƙi fashewa. Da hunturu yakan bushe ya yi gautsi, ya fashe tun bai fita ba. A zafin bazara kuma yakan lotsa ya manne da ɗan'uwansa. Maganin duka shi ne a ajiye su a ɗaure cikin ledarsu, a wuri mai sanyi marar laima, a riƙa juya buhun lokaci-lokaci, kada kuma a sayi fiye da abin da za a ƙarar da wuri. Wanda ya faɗi ƙasa an bar wa ƙasa, domin yashin da ya manne masa zai karce bututu. Sau da yawa akan kawo mana bindiga ana cewa ba ta da saiti, mu duba mu tarar lafiyarta ƙalau, ƙwallayen ne suka tsufa.

Ido

Duk abin da na faɗa a baya hidima ce ga abu ɗaya, watau kowa ya koma gida da idanunsa biyu. Iyakar gudun da aka yarda ƙwallo ya yi shi ne ƙafa 300 a daƙiƙa, kusan kilomita 330 a awa, filaye da yawa ma sukan tsaya a 280. A jiki wannan gudu shaidar kwana biyu yake bari. A ido kuwa yana iya zama makanta. Don haka ne kowane fili na kirki yake da ma'aunin gudu, kuma kowace bindiga, ta haya ce ko ta mai ita, sai ta bi ta kansa kafin wasa, in rana ta take kuma a sake aunawa. Bindigar da ba a kula da ita ba gudunta ba ya tsayawa wuri ɗaya, yanzu ƙasa, an jima sama. Mai ƙyuyar wanke bindigarsa, ashe, ba kansa kaɗai yake cuta ba.

Na taɓa ganin wani yaro ya ɗaga garkuwar fuskarsa a tsakiyar wasa domin gumi ya sa gilashin ya yi hazo. Alƙalin wasa bai gama busa usur ba ƙwallo ya same shi a goshi, ɗan yatsa biyu sama da gira. Ya tashi da ƙulu yana dariya, amma maigidana bai yi dariya ba. Tun daga ranar ya sa aka ware duk garkuwar da gilashinta yake hazo. Shi ya sa nake cewa in kuɗin mutum na abu ɗaya ne, ya sayi garkuwa mai gilashi ruɓi biyu wadda ba ta hazo, ya ci gaba da hayar bindiga. Tabarau na rana ko na walda ba su tsayawa a madadinta. Gilashin da ya tsage a sauya shi, wanda ya ɓaci kuma a wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi kaɗai. Bayan an fito daga fili, kowane bututu a sa masa hularsa ta baki kafin kowa ya cire garkuwa. Rigakafi ya fi magani, a nan ma sau da yawa babu maganin.

Kammalawa

Mai karatu zai lura cewa ban ce ga bindigar da ta fi kowace ba. Jerin da nake bayarwa ga duk wanda ya nemi shawarata shi ne: garkuwa tukuna, sa'an nan a binciki iska, sa'an nan kayan gyara, bindiga ita ce ta ƙarshe. Wannan jeri ya saɓa wa son zuciya, domin ido bindiga yake fara gani. Amma haka abin yake ga yawancin kayan da ke zuwa mana daga ƙetare, tun daga injin ban ruwa har zuwa na'urorin ɗakin gwaji da ke jibge a makarantu an rasa ɗan abin da zai tayar da su. Muna da ƙwazon saye, riƙo ne yake ba mu wuya. Maƙerin da ya ƙera wa maharbi adaka yana nan cikin gari, in ta ƙi tashi a koma masa. Maƙerin bindigar fenti kuwa yana bayan teku, don haka tilas mai ita ya zama rabin maƙeri. Wanda ya ga ba zai iya zama da tsumma da alanki na rabin awa bayan kowane wasa ba, babu laifi, ya tsaya a haya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.